Daga Dandalin Kokawa Zuwa Gidan Ɗaga Ƙarfe: Tsanin da Ƙasar Gumel Ta Sani

Gwangwanin fenti biyu za a cika da siminti da tsakuwa, a soka rodi ko tsohon bututun famfo a tsakaninsu, a bar su su sandare, shi ke nan an gama kayan aiki. Sai bencin katako da kafinta ya harhaɗa da ragowar ƙusa, a shimfiɗa buhu a kai, wani lokaci a ƙara da faifan birkin mota da aka roƙo a wurin makanikai. Haka gidan ɗaga ƙarfe yake farawa a yawancin garuruwan Arewa, kafin mai hali ya kawo injunan waje da madubi da fanka ya raɗa wa wurinsa suna jim. Samarin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ba a bar su a baya ba, domin wayar da take nuna wa ɗan Kano ƙirjin ƙato ita ce take nuna wa ɗan ƙasar Gumel. Abin dubawa shi ne ranar farko ta sabon shiga. Yakan tarar da waɗanda suka shekara biyu suna yi, ya ga abin da suke ɗagawa, kunya ta hana shi tambayar ƙarami, ya kwanta a benci ya cije leɓe. Bayan kwana biyu ba ya iya ɗaga hannu ya sa riga, ruku'u ma sai da dabara. Daga nan wasu suke sallama, wasu kuma su nace har kafaɗa ko ƙugu ya yi musu tsiya. In an yi magana sai a ce ai sabon abu ne, dole a yi tuntuɓe. Wannan uzuri bai karɓu ba. Ƙarfen ne baƙo a wannan ƙasa, rainon ƙarfi kuwa daɗaɗɗe ne, kuma kakannin waɗannan samari suna da tsarin da ba ya barin ɗan koyo ya gamu da nauyin da ya fi shi. Tsarin ne ya zube a hanya tsakanin dandali da benci.

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma. Ta zauna a inuwar Borno, jihadin 1804 bai ci ta ba, kuma a rabin farko na ƙarni na 19 aka taso da gadon sarauta daga Tumbi, wadda yau take cikin Nijar, zuwa inda garin yake yanzu. Ƙaramar ƙasa ce a tsakanin manya: Damagaram ta arewa, Haɗeja ta gabas, Kano ta kudu maso yamma. Rikicinta da Haɗeja bai lafa ba sai 1872, hare-haren Damagaram kuma ba su yanke ba har zuwan Turawa a 1903. Mutanen da suka rayu a irin wannan wuri ba sa kallon gudu da juriya da ƙarfin damtse a matsayin ado. Harshen dambe kansa bai manta da wannan zamani ba, domin hannun da aka naɗe da zare mashi ake ce masa, wanda aka miƙa gaba garkuwa, wanda ya kai abokin karawa ƙasa kuma a ce ya yi kisa. Amma yaƙi na zuwa ne jefi-jefi. Abin da yake horar da jiki kullum shi ne ƙasar kanta: jigawa mai rairayi, damina ta wata uku zuwa huɗu wadda ba ta jiran malalaci, da rijiyoyi masu zurfi waɗanda sai an ja guga gaba da gaba kafin a ga ruwa.

A cikin wannan rayuwa yaro yake hawa tsani, kuma babu matakin da ake tsallakewa. Yana ɗan shekara biyar ko shida aikinsa kora awaki da kai wa manya fura gona. Ranar shuka yakan bi mai sungumi a baya, yana jefa iri a rami yana turbuɗewa da diddige, tafiya ce ta yini guda ba tare da nauyin komai ba. Sai a je wa maƙeri ya ƙera masa 'yar fartanya daidai hannunsa, a ba shi kunya ɗaya yayin da babba yake cin uku. Sai ya shekara yana haka kafin a ba shi garma, sai ya ƙara shekaru kafin ya shiga sahun gayya inda makaɗin gangar noma yake zuga samari, kuma damin geron da yake ɗauka yana ƙara kauri ne gwargwadon yadda wuyansa yake ƙara kauri. Da dare, in farin wata ya fito, sai dandali. Kafin kokawa akwai langa, kuma duk wanda ya kalli langa da idon basira zai ga makaranta ce: yaro ya kama yatsan ƙafa ɗaya ta baya, ya tsaya a kan ɗaya, yana tsalle yana ture wani yana kare kansa. Idon sawu da gwiwa da ƙugu da tsokar ciki duk suna koyon riƙe jiki, alhali babu nauyin da aka ɗora masa sai nasa. Daga nan ne ake shiga kokawar yara, a kan rairayi mai taushi wanda faɗuwa a kansa ba ta karya kowa. A nan ma akwai doka, ko da ba a rubuce take ba: tsara da tsara ake haɗawa. In yaro ya yi zuciya ya miƙa wa wanda ya fi shi hannu, manyan da suke bakin fage za su janye shi su ce ba sa'anka ba ne. Ba wulaƙanci ake nufi ba, tanadi ne. Ana haurawa ne bayan an gama da tsararraki, shekara bayan shekara, har ranar da makaɗi zai kama sunan mutum a ganga.

Sai kuma lokaci. Da damina babu mai ɓarnatar da ƙarfinsa a fage alhali ciyawa tana cin gero. Kasuwar kokawa da dambe tana ci ne da kaka da sanyin hunturu, kuma bayan la'asar ko da dare. Abu uku ne suke haɗuwa a wannan lokaci: jiki ya sha watanni yana noma ya yi tauri, rumbu ya cika an ƙoshi da tuwo da wake da gyaɗa da fura da nono, rana kuma ta yi sauƙi. Masu horar da 'yan wasa na yau suna raba shekara kashi-kashi, lokacin gina tushe dabam, lokacin gasa dabam, lokacin hutu dabam, suna kuma karɓar albashi mai tsoka a kan wannan sani. Kalandar manomi ta riga su. Saurayin da ya shiga ƙarƙashin rufin kwano da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a wannan yanki, cikinsa babu komai sai shayi da burodi, ya saɓa wa likita ya kuma saɓa wa kakansa.

Na uku shi ne ubangida, kuma a nan dambe ya fi ba da shaida. A farkon 1824 Hugh Clapperton, wani hafsan sojan ruwa na Birtaniya, ya sauka a Kano, ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya biya kuɗin wuri aka kawo masa su. Abin da ya rubuta ya yi kama da abin da ake gani yau: makaɗa biyu, mahautan gari sun yi dafifi a bayan 'yan wasansu, an naɗe hannun dama da sawaye, kowa ya fito yana nuna damtse yana kirari, 'yan mata sun bar tuluna a bakin rijiya sun rugo kallo. Abin ya yi masa zafi har ya riƙa sa ana raba su in sun fara fusata. Abin lura a labarin shi ne ɗan dambe bai zo shi kaɗai ba, rundunar sana'arsa ce ta kawo shi. Dambe na rundawa ne tun asali, wato mahauta, mutanen da nama bai yanke musu ba kuma kayar da sa aikinsu ne na kullum, kuma yaro yana shigarsa ne ta hannun wani. Sunayen fage na yau ma sun isa hujja. Ana cewa Shagon wane, Bahagon wane, Dogon wane, kamar yadda aka san Autan Sikido da Garkuwan Cindo. Sunan Shago, wanda Ɗan Anace ya ɗaukaka da waƙa, ya zama muƙamin da ake jingina wa maigida. Ma'anar wannan ita ce babu ɗan damben da ya haifi kansa. Akwai wanda ya fara ɗaura masa zare, wanda yake duba abokin karawa ya ce a yi ko a bari, wanda yake shiga tsakani ya raba in ya ga yaronsa ya fara ganin biyu-biyu. Idon wannan mutum ya fi layun da ke ɗaure a damtse tsare rai.

Maƙwabtanmu na arewa sun ɗauki wannan tsani sun mai da shi hukuma. A 1975, zamanin Seyni Kountché, Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa, wadda ake kira gasar takobi, a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkin farko. Har yau kowace jiha daga cikin takwas tana kawo 'yan kokawa goma, kuma kafin mutum ya shiga cikin goman sai ya ratsa zaɓe tun daga ƙasa. Damagaram, wadda iyakarta take manne da Maigatari da Sule Tankarkar, ta fitar da irin su Langa-Langa da Bala Haruna, Isaka Isaka na Dosso kuma ya ɗauki takobi sau shida. Yawanci a sanyin ƙarshen shekara ake yin gasar. Ko da gwamnati ta shigo da tuta da kyautar miliyoyi, ba ta taɓa matakan ba, ba ta kuma taɓa kalandar ba.

Mai ja zai ce wannan duk ƙawata tarihi ne. Manomi bai yi noma don ya gina damtse ba, larura ce ta sa shi, kuma babu dattijon da ya zauna ya tsara cewa langa za ta ƙarfafa gwiwa. Gaskiya ne, kuma wannan gaskiyar ita ce ta fi ƙarfafa maganar. Tunda aikin yau da kullum ne yake gina tushen ba da niyya ba, to da aikin ya canza sai tushen ya tafi ba da sanin kowa ba. Saurayin da yake yini a kan babur yana acaɓa, ko a shagon cajin waya, ko a aji, wanda famfo ya hutar da shi jan guga kuma galmar shanu ta hutar da shi huɗa, ya kai shekara ashirin da tsawo da ƙirar kakansa amma ba da jijiyar kakansa ba. Abin da kakan ya tara a shekara goma sha biyar shi yake so ya tara a wata uku kafin sallah. Ilimin zamani ya bayyana dalilin da ya sa hakan ba ya yiwuwa. A makonnin farko ƙarfin da mutum yake ji ya ƙaru yawancinsa ba tsoka ba ce ta girma, ƙwaƙwalwa ce take koyon sarrafa tsokar da take nan. Tsoka kuma tana riga jijiyoyin da suke ɗaure ta da ƙashi yin ƙarfi, saboda haka akwai lokacin da hannu zai iya ɗaga abin da gaɓa ba ta shirya ɗauka ba, kuma a wannan tsakanin ana iya samun targaɗe da ciwon kafaɗa. Girkawa suna da labarin Milo, ɗan kokawar da ya ci gasar Olamfik sau shida a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, na farkon ma a rukunin yara. An ce ɗan maraƙi ya riƙa saɓawa a kafaɗa kullum har ya zama bijimi yana ɗaukarsa. Ko almara ce, duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba a farawa daga bijimi. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya mai da wannan hikima magani ga sojojin da suka dawo daga yaƙi da raunuka, kuma a 1948 shi da Arthur Watkins suka fitar da tsarin zagaye uku na ɗagawa goma-goma: na farko da rabin nauyin da mutum yake iya ɗagawa sau goma, na biyu da kashi uku cikin huɗu, na uku da cikakkensa. Wannan uku-sau-goma da ake ji a kowane gidan ƙarfe daga asibiti ta fito, kuma an gina ta ne a kan farawa da rabi. 'Yar fartanyar maƙeri ce aka rubuta da alƙaluma.

Ja na biyu ya fi nauyi. Za a ce fagen da ake yabo ɗin nan cike yake da layu da guraye da kambu da wankan magani da tsaga hannu a cusa gari, kuma dambe ya zubar da haƙora ya tsiyayar da idanu ba adadi, to wane darasin lafiya za a ɗauka a wurinsa? Ba za a musa ba, kuma babu mai hankalin da zai ce a dawo da wannan. Abin takaici shi ne a cikin gadon gaba ɗaya wannan ɓangaren ne kaɗai ya ƙetaro zuwa gidan ƙarfe da ƙafarsa. Neman ƙarfi ta gajeriyar hanya bai mutu ba, kaya ya sake. Mai neman laƙani jiya shi ne mai neman tiramol yau don kada ya ji gajiya, da ƙwayoyin sha-ka-fashe don ya cika riga, da allurar ƙara tsoka wadda wani ya kawo a jaka babu takardar likita. Laya dai in ba ta yi amfani ba a damtse take tsayawa. Allurar kuwa tana taɓa hanta da zuciya, tana hawar da jini, tana ƙanƙantar da maraina har ta rage haihuwa, tiramol kuma yana kashe jin zafin da shi ne ƙararrawar jiki, bayan kamun da yake yi wa mai shansa da farfaɗiyar da yake iya jawowa. Gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018 saboda irin wannan ɓarna a tsakanin matasa. Mun yar da tsanin da kalandar da ubangidan, mun riƙe layar, ga shi kuwa ita ce ya kamata a fara yarwa.

Masu cewa abin duk shiririta ne ba sa buƙatar doguwar amsa. Malaman hadisi sun kawo labarin kokawar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rukana, kuma abin da malamai suka ƙi a fage shi ne tsafi da tsiraici da caca da tozarta salla, ba ƙarfin jiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta nemi kowane baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan har da mata, waɗanda injin niƙa ya karɓe musu turmi da taɓarya, lugude ya zama abin biki, ba a kuwa ba su komai a madadinsa ba, ga hawan jini da ciwon suga suna ta shiga gidaje.

In aka juya tsohon tsarin zuwa harshen benci, ba wani abu ne mai wuya ba. Sabon shiga ya fara da nauyin jikinsa, tsugunno da tashi, da turin ƙasa, da jan jiki a sanda, da tafiya mai sauri, wannan ita ce langarsa. In ya zo ga ƙarfe ya ɗauki wanda zai ɗaga sau goma ko sha biyu ba tare da baya ya lanƙwashe ko numfashi ya tsaya ba, ya ajiye yana da sauran biyu a hannu. Kwana biyu ko uku a mako sun isa, da yinin hutu a tsakani, domin a barci da hutu tsoka take ginuwa. Ya ƙara nauyi kaɗan in na jiya ya zama wasa, kada ya manta da ƙafa da baya don ƙirji ne ake gani a hoto. Ya zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, da azumi kuma bayan buɗa-baki, da ruwa a kusa. Abincinsa yana kasuwar garinsu: wake da gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu abin gina jiki ne, ga ƙuli-ƙuli da awara da ƙwai da nono, ba sai ya sayar da akuya ya sayi garin gwangwani ba. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Amma zafi mai suka a gaɓa, ko kumburi a matsematsi irin na ƙaba, ko jiri da ciwon ƙirji, ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, wannan na asibiti ne a ranar, domin na ƙarshen alama ce ta tsoka ta farfashe tana barazana ga ƙoda. Wanda ya haura arba'in, ko mai hawan jini, ko mai sikila, ya ga ma'aikacin lafiya kafin ya ga benci.

Saura ubangida, kuma wannan ba a hannun yaro yake ba. Yana hannun masu gidajen ƙarfe da tsofaffin hannu a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ku ne manyan bakin fage yanzu, ko kun so ko ba ku so ba. Kada sabon yaro ya kwanta a benci babu wanda ya tsaya a kansa, kada a yi masa dariya in ya nemi ƙarami, kuma in ya miƙa hannu ga abin da ya fi shi a samu mai ce masa ba sa'anka ba ne. Mai jakar allura kuma a nuna masa ƙofa. In za ku sake kwaɓa siminti ku cika gwangwanin fenti, ku nemi gwangwanin madara guda biyu ku cika su ma, saboda yaron da zai zo muku gobe.